Damin Harawar da Muka Kai wa Raƙumin Dawa

Shekarun baya, lokacin da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Birni a Damagaram, an raba mana wani ɗan littafi mai hotuna. A lokacin gemuna ya fara furfura. Ɗinki nake yi a kasuwar Dole, in an yi la'asar sai in rufe keke in je in zauna a benci tare da sa'o'ina, muna bin bakin mushe, wato malaminmu, kamar yara. A wani shafi na ga wata dabba mai dogon wuya, jikinta kamar rigar da aka haɗa da ƙyallaye. Na daɗe ina harhaɗa baƙaƙen da ke ƙasanta kafin suka yarda suka ba ni sunan: raƙumin dawa.

Da na koma gida sai na kai wa mahaifiyata littafin, don ta ga ni ma na fara zama mutum. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin. Likita ya gaya mana ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, maganin ɗigawa kuwa jinkirtawa kawai yake yi. Abin da ke kusa da ita tana gani. Abin da ya ɗan yi nisa sai dai inuwa. Ta kawo littafin dab da hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai na san shi," in ji ta. "Ɓarawon harawar Baba ne."

Na ce, "Inna, a ina kika san shi?"

Sai ta ba ni labari. Tana yarinya a ƙauyensu, can wajen Garagumsa, in an gama roron wake mahaifinta yakan naɗe harawa dami-dami ya ɗora a tsakanin rassan wani babban gawo da ke bakin gona, yadda har yau ake yi, don kada awaki da shanu su kai gare ta. Wata shekara sai aka ga harawar tana raguwa, kuma daga sama take raguwa. Aka zargi masu raƙuma, aka zargi maƙwabta, har aka kusa ɓatawa da wani kawunta. Wata safiya an aike ta gona da fura, ta tarar da shi tsaye a gindin gawon, yana jan harawa a natse kamar shi ya noma. Ta ce ba ta gudu ba, ƙafafunta ne suka ƙi. Ya kalle ta daga can sama, ya ci gaba da taunarsa.

Na saurara da ladabi, amma a zuciyata na ce yarinya ce ta ga raƙumin Buzaye ya rame, tsoro ya ƙara masa tsawo. Ni da aka haifa a ƙasar nan, na yi yawo daga Takeita har Mirya, abin da ya fi zomo da dila ban taɓa gani a daji ba. Na tambayi mushe washegari. Ya ce lalle a da akwai su a wurare da yawa, amma yanzu sai can Kure, a kan hanyar Yamai, inda ake kiyaye su, har baƙi na zuwa daga ƙasashen nesa don kallo kawai. Abin ya tsaya mini a rai. Mutum ya hau jirgi, ya bar gidansa, don ya kalli dabba ya koma? Ba zai saya ba, ba zai hau ba, ba zai yanka ba. Na so in ga irin dabbar da ake yi wa wannan tafiya.

Na gaya wa Inna suna nan har yanzu. Sai ta ce, "Da zan ƙara ganinsa kafin idon nan ya rufe, da na so." Ba ta ƙara ɗaga maganar ba. Ita ba mai roƙo ba ce. Amma na ji, kuma na san idon ba jira zai yi ba.

Allah da ikonsa, a kakar shekarar matar ƙanena ta haihu a Yamai. Shi direba ne a can, autanmu. Ya ce lalle a kawo Inna suna. Na ce to, amma da sharaɗi: bayan suna zai nemo mota ya kai mu Kure. Ya yi dariya a waya ya ce, "Yaya, boko ya fara shiga. Yawon buɗe ido kuma?" Na ce ya dai nemo motar.

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, sai ga wani ɗan'uwanmu daga Garagumsa da damin harawa a bayan babur, sabuwa, ganyen kore shar, har da sauran kwanson wake a jiki. Ya ce Inna ce ta aika a kawo. Na shiga na same ta.

"Inna, wannan harawar fa?"

Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai," in ji ta, "a gidanku aka koya maka zuwa wurin mutane hannu biyu?"

"Ai ba mutum ba ne. Kuma daji ne guda a gabansa, me zai yi da harawarmu?"

"Ka san abin da yake so ne? Ni na sani."

Na yi mata bayanin nisan tafiya, da yadda motocin Yamai suke, masu sanyi a ciki da mutane sanye da tufafin kirki. Ta ce ba a cinyar kowa za a ɗora ba. Haka na saka damin a buhu, ganye na leƙowa ta baki, na kai tasha da asuba ina ta addu'ar kada in haɗu da wanda na yi wa ɗinki. Mai loda kaya ya ɗaga buhun, ya shinshina, ya dube ni.

"Malam, akuyar tana ina? Ko ita ta riga ku tafiya?"

"Tsaraba ce," na ce.

"Surukan naka suna da ƙaho ke nan."

Mutanen da ke layi suka yi dariya. Inna, da ke zaune a benci riƙe da sandarta, ta ce, "Suna da shi, ɗana. Guda biyu, gajeru. Sa shi inda ba za a danne ba." Ya ce, "An gama, Hajiya," ya sa shi can sama da akwatuna.

Tafiyar nan ita ce ta farko da na yi ina iya karanta allunan bakin hanya. Duk garin da muka shiga sai na karanta sunansa da ƙarfi, wai don Inna, alhali don kaina nake yi. Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni. Wani lokaci kafin in gama harhaɗawa mun wuce garin. Mutumin da ke gefena ya haƙura har Dogon Dutsi, sannan ya ce, "Malam, in ka gaji ka huta, direban ya san hanya." Bayan Doso na ga wani allo mai hoton dabbar nan ta littafina, na taɓa Inna na ce mun shigo ƙasarsu. Ta juya fuska wajen taga, ta daɗe a haka, duk da na san ba abin da take gani sai haske.

A Yamai ma harawar ba ta huta ba. Ƙanena na ganinta ya ce madalla, ragon suna ya samu. Inna ta sa aka kai buhun ɗakin da take kwana, ta jingina sandarta a kai. Aka yi suna, aka watse, rago bai ɗanɗana ba.

Kwana biyu bayan suna muka tashi da sassafe a kat-kat, motar shiga daji ta maigidan ƙanena. Inna ta sa aka fitar da damin daga buhu aka ɗaure a ƙarfen ɗora kaya na saman mota. A Kure akwai wata 'yar rumfa a bakin hanya inda ake ɗaukar ɗan rakiya, wanda suke kira gid. Wanda ya shigo motarmu Bazabarme ne, siriri, mai doguwar sanda, yana jin Hausa sosai. Kafin ya shiga ya ɗaga kai ya kalli saman motar.

"Wannan na waye?"

Ƙanena ya nuna ni, ni kuma na nuna Inna.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba a ba su abinci. Doka ce. In sun saba da hannun mutane, wata rana za su je wurin wanda ba alheri ya kawo shi ba."

Na ɗauka za ta ja magana. Sai ta ce, "Gaskiyarka. To a bar shi inda yake." Ni kuwa na ji sanyi da zafi a tare: sanyi don ba a yi gardama ba, zafi don na ɗauko kunya tun daga Damagaram ba gaira ba dalili.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu shinge. Na zaci zan ga katanga da ƙofa, ko waya mai ƙaya. Gonaki ne kawai irin namu, an girbe gero an bar kara, ga rumbuna, ga mata na daka, ga gawo ya fara fitar da ganye. Na tambayi gid yaya ake hana su tafiya. Ya ce ba a hana su, nan ne gidansu, mutane da su tare suke zaune. Na yi ta jero masa tambayoyi. Suna kwanciya kuwa? Yaya suke shan ruwa da wannan wuya? Suna kuka? Wa ya mallake su? Yana amsawa yana leƙen ƙasa ta taga, yana neman sawu. Wani wuri ya sa a tsaya, ya hau bishiya ya duba. Wani wuri ya tambayi masu kiwo da Zabarmanci, su nuna da baki.

Hantsi ya yi, rana ta fara zafi, ba mu ga komai ba. Inna kuwa carbinta kawai take ja. Sai wajen azahar gid ya ɗaga sanda ya ce, "Ga su can."

Ni da farko bishiyoyi kawai na gani. Sai wata bishiya ta motsa. Kawuna ne a saman ƙayoyi, can ƙetaren wani kwari mai yashi, sun kai biyar ko shida, har da ƙarami. Na manta ni dattijo ne. Na fita daga mota baki buɗe. Tafiyarsu ce ta fi ɗaure mini kai, ƙafafun gefe ɗaya suna tashi tare, a hankali, kamar ba sa taka ƙasa. Lalle ba raƙumi ba ne, ko kusa.

Na tuna da wadda ta kawo mu. Muka fito da ita, na juya ta wajen, na miƙa hannuna kusa da kuncinta ina nunawa.

"Inna, ga su can, daidai yatsana."

Ta ƙanƙance ido. "Ina ganin duhu-duhu."

"Su ne. Wanda ke motsi."

"Komai motsi yake a idona."

Gid ya ciro madubin hangen nesa ya gyara mata. Ta riƙe da hannu biyu, ta juya nan, ta juya can, ta miƙa masa ta ce ta gode, hayaƙi kawai ya ƙara matso mata da shi. Muka yi tsaye. Ƙanena ya kau da kai. Mun yi tafiyar yini guda cur, ga su a gabanmu, kuma a wurinta daidai yake da muna zaune a tsakar gida a Birni.

Na ja gid gefe na ce ni da ƙanena za mu zagaya ta bayansu mu koro su wajen mota. Ya dube ni kamar na ce a koro hadari.

"Malam, ba shanu ba ne. In ka kore su, ba za ka ƙara ganinsu yau ba. In kuma mai ɗan ce ta juyo, shurinta ɗaya ya ishe ka."

Ya ce abin da za a yi shi ne a duba ko mota za ta iya ƙetare kwarin ta wani wuri, a matsa a hankali. Ya sa aka ajiye motar a inuwar wani gawo, shi da ƙanena za su taka su ga yashin. Ni ya kamata in zauna da Inna. Ta zauna a kujerar baya, ƙofa a buɗe, ƙafafunta a waje, ni kuwa ina ta miƙa wuya ina leƙe.

"Kai, tafi," in ji ta. "Kai ma gani ka zo yi. Kana ta zirga-zirga ka hana ni shan iska."

Gid ya ce babu abin tsoro a nan, ga ma ƙauye ana jin dakansu. Na bi su.

Mun haura wani ɗan tudu, mun gangara, muna taka yashi ƙanena yana girgiza kai. Duk inda aka gwada sai ya ce motar mutane ce, in ta kafe a nan aikinsa ne ya kafe. Garken kuma ya ƙara nisa. Muka juyo jiki a sanyaye, ina ta shirya abin da zan ce mata. Da muka hau tudun, gid ya tsaya cak, ya tare mu da sandarsa.

Wani babban raƙumin dawa ne, namiji, launinsa ya fi na sauran duhu, tsaye a jikin motarmu. Ta ina ya fito, ban sani ba. Daga baya gid ya ce tsofaffin mazan sukan yi yawo su kaɗai. Motar da nake gani babba ta koma kamar akwati a gabansa. Ya sunkuyo da wuya yana jan harawa daga dami, yana ɗaga kai yana tauna. Ƙafafunsa na gaba kuwa suna nan dab da ƙofar da Inna ke zaune.

Na yunƙura zan ruga. Gid ya riƙe mini riga, ya ce a hankali, "In ka gudu ko ka yi ihu zai firgita, kuma ba ka san inda ƙafar za ta faɗa ba. Tsaya. Ita dai kada ta motsa." Ban taɓa jin tsayuwa mai nauyin wannan ba. Ina jin ƙanena yana karanta duk addu'ar da ya iya, yana maimaitawa.

Inna ba ta motsa ba. Muna hangen farin mayafinta, ta ɗaga kai sama. Da ya ja damin da ƙarfi, wani ɓangare ya zubo ƙasa a gaban ƙofar. Sai ya buɗe ƙafafun gaba, ɗaya nan ɗaya can, ya sauko da wannan dogon wuya har ƙasa. Kansa ya zo daidai fuskarta. Ya tsaya a nan. Ita tana kallonsa, shi yana kallonta, yana tauna. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Sannan ya ɗauki abin da ya zubo, ya miƙe, ya ƙara ja ɗaya daga sama, ya juya ya tafi abinsa cikin ƙayoyi, ganyen wake na reto a bakinsa.

Da muka isa, ƙanena ne ya fara magana. "Inna, lafiya? Bai taɓa ki ba?"

"Me zai taɓa? Cin abinci yake."

Ta share fuska da bakin mayafi. Ban tambaye ta ko hawaye ne ko ruwan ciwon idon ba. Ta ce da farko warinsa ta ji, ta gane shi tun kafin inuwarsa ta rufe ta. Ta ce ta ga zanen wuyansa ɗaya bayan ɗaya yana saukowa. Harshensa baƙi kamar na yaron da ya sha ɗinya. Gashin idonsa kuwa, ta ce, ko amaryar da aka yi wa kwalli ba ta kai shi ba.

"Na gaishe shi," in ji ta. "Na ce masa Baba ya daɗe da yafewa." Sai ta juyo inda take jin numfashina. "Kai, raƙumin Buzaye ne?"

Ban taɓa faɗa mata abin da na raya ba. Na ce, "A'a, Inna." Ta ce, "To."

Ƙanena ya dubi ragowar damin, ya dubi gid, ya tambaya ko mun shiga laifi. Gid ya sosa ƙeya, ya ce, "Wa ya ba shi? Ni ban ga wanda ya ba shi ba. Sata ya yi, kuma haka yake yi wa mutanen ƙauyen nan kowace kaka." Amma ya sa muka sauke abin da ya rage muka cusa a cikin mota, ya ce in mun sake zuwa mu zo hannu biyu, shi ya yafe tsaraba.

A hanyar komawa na tambaye ta ko ta san zai zo, shi ya sa ta ce a bar damin a sama. Ta ce ita ba ta san komai ba, harawa dai a sama ake ajiye ta, haka ta tashi ta gani.

Kafin wata kakar ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya zo yi mata jaje sai ya tashi da labarin gashin idon raƙumin dawa, ko ya so ko bai so ba. Jikokinta sun haddace shi.

Ni abin da ya tsaya mini shi ne, na yi shekaru a gida ɗaya da matar da ta san ƙasar nan lokacin da irin waɗannan dabbobi ke yawo a bakin gonakinmu, ban taɓa tambayarta ba sai da hoto a littafi ya tambaya a madadina. Bayan mun dawo na riƙa zama kusa da ita ina tambaya, ta ba ni labarin jiminai da barewa da tafkunan da yanzu gidaje ne a kansu. Na samu abin da na samu. Da na fara da wuri, da na samu fiye da haka.

Gawon nan na bakin gonar kakana yana nan, kuma 'yan'uwa suna ɗora harawa a kansa har yau. Duk shekara in sun zo gaishe ta bayan girbi, sai ta tambaya, "An taɓa ta sama?" Su ce, "Ba a taɓa ba, Inna." Ta ce, "To, ku dai ci gaba da ɗorawa."

Tun da ta rasu, ni nake tambaya. Bana ma sun ce ba a taɓa ba.